Ina Ruwan Rariyarka Ya Ke Zuwa?

Yau maganarmu a kan ruwan ƙazanta ne, watau ruwan wanka da na wanke-wanke da ke fita ta rariya. Ina magana musamman da ku mutanen Kuyello da sauran ƙasar Birnin Gwari.

Kowa ya san kwatamin bayan gida, baƙi ƙirin, yana wari, agwagi suna wasa ciki. Maigida ya kan ce, ai ya fita daga gidana, ba ruwana. To, da ruwanka. Nan sauro ke ƙwai, kwana 10 ya isa tsutsar ta zama sauro, ya dawo ya ciji ɗanka. In damina ta sauka kuwa, ruwa ya kwashe kwatamin nan, da kashin da yara suka yi a fili, ya kai rafi inda mata ke ɗiba. Galibin rafukan ƙasarmu cikin Kogin Mariga su ke zuba. Mariga ya zuba a Kogin Kaduna, Kaduna ya zuba a Kwara, Kwara kuma ya bi har teku. Duk tsawon hanyan nan akwai masu sha da masunta, kamar yadda akwai waɗansu a bisanmu da mu ke shan abin da suka zubar. Ta haka ciwon amai da gudawa ke tafiya. Ya shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, a 2021 kuma ya kashe mutum fiye da 3,000.

Maganin abin ba ya bukatar injin. Ku haƙa rami a bakin rariya, faɗinsa ƙafa 4, zurfinsa ƙafa 5. Ku zuba manyan duwatsu a ƙasa, sa'an nan matsakaita, sa'an nan tsakuwa a bisa, ku rufe da itace da ƙasa. Ruwa zai nutse a hankali, ƙasa ta tace shi. Amma ga inda mutane su kan yi kuskure: maiƙo da tsakin tuwo su kan toshe ramin kafin shekara ta kewayo. Saboda haka ku sami tsohuwar tukunya, ku huda gindinta, ku cika ta da ciyawa, ku aje ta inda ruwa ke shiga. Kowace Jumma'a a zubar da ciyawar, a sa sabuwa. Aikin yaro ne. Wanda gidansa ke kan laka, inda ruwa ba ya nutsewa, sai ya dasa ayaba a bakin rariya, ta shanye shi.

Ruwan masai dabam ne, kada a haɗa su. Masai kuwa a yi shi ta gangaren rijiya, nesa da ita kamar ƙafa 100, da murfi saboda ƙudaje. Na sha jin tsofaffi suna cewa kashin jariri ba ƙazanta ba ne. Wannan ba haka ba ne, a zuba shi a masai, uwa ta wanke hannu da sabulu ko toka.

In gudawa ta kama yaro, ku tafasa ruwa lita 1, ku sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali, ku riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ku kawo shi ɗakin shan magani ran nan, kada ku jira gobe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.