Tintin a Kwango: dariyar da muka yi wa kanmu



Ina ɗan shekara goma a lakwal a Damagaram, mushenmu yana da wani kwali cike da littattafan zane, wanda ya gama aikinsa da wuri shi ke zaɓa. A nan na haɗu da Tintin au Congo. Wallahi na so littafin nan. Ga daji, ga zaki, ga kada, ga yaro da karensa Milou suna tsallake mutuwa a kowane shafi. In mun fita wasa bayan gari, kowa so yake ya zama Tintin. Ba mai yarda ya zama Coco, yaron da ke yi masa hidima. Har dambe muke yi a kan haka, kuma ba wanda ya lura cewa Coco ne mai kama da mu.

Ku ji yadda aka yi littafin. Hergé, ɗan Beljiyam, ya fara fitar da shi a 1930 cikin Le Petit Vingtième, shafin yara na wata jaridar Katolika, yana ɗan shekara 23. Shugaban jaridar, limamin coci Norbert Wallez, shi ya so a kai Tintin Kwango don yaran Beljiyam su so mulkin mallakar ƙasarsu. Hergé bai taɓa taka Kwango ba. Abin da ya ji ana faɗa a Burusel shi ya zana: baƙaƙe masu manyan leɓɓa, malalata, matsorata, ba su iya haɗa jimla ɗaya daidai. Motar Tintin ta kayar da jirgin ƙasa, amma shi ke yi wa fasinjoji tsawa su tashi su ɗaga. A bugun farko yana koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu. A 1946 aka mayar da darasin na lissafi, amma fuskokin ba su sauya ba.

Abin da littafin ya ɓoye ya fi abin da ya nuna. Daga 1885 zuwa 1908 Kwango mallakin Sarki Leopold na biyu ce shi kaɗai, kuma a zamaninsa an yanke hannuwan mutane saboda roba. Ko shafi ɗaya bai taɓo wannan ba.

Wasu za su ce: ai zamaninsa ne. To, a 1934 Hergé ɗin nan ya zauna da wani ɗalibi ɗan Sin, Zhang Chongren, kafin ya zana Le Lotus bleu, sai ga Sinawa sun fito mutane masu hankali da mutunci. Ashe da ya tambayi ɗan Kwango ɗaya, da labarin ya sha bamban. Bai ga bukatar tambaya ba ne.

Yanzu me za mu yi? A 2007 wani ɗan Kwango, Bienvenu Mbutu Mondondo, ya kai ƙara a Beljiyam a hana sayar da littafin, a 2012 kotu ta ƙi. Na fahimci fushinsa, amma ni ba hanawa nake nema ba. Littafin shaida ne, kuma ba a ƙona shaida. Abin da nake tsoro shi ne a miƙa wa yaro shi kaɗai, kamar yadda aka miƙa mini.

Kwanan baya na same shi a hannun ɗan yayata. Ban ƙwace ba, na zauna muka karanta tare. A kowane shafi ina tambayarsa: wa ke ba da umarni? Wa ke ɗaukar kaya? Wa ke gudu in zaki ya fito? Ba mu kai tsakiya ba ya ɗago ya ce: “Kawu, me ya sa kare ya fi su wayo?” Ni sai da na shiga jami'a na yi wannan tambayar.

Saboda haka ga roƙona. In ka ga irin littafin nan a hannun ƙanenka, ka zauna da shi, ku yi waɗannan tambayoyi uku. Sannan ka ba shi wani abin kusa da shi. Boubou Hama ya rubuta wa yara littattafai. Abdoulaye Mamani ya rubuta Sarraounia a 1980, labarin matar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Yaro yana son daji da kasada, haƙƙinsa ne. Mu dai mu tabbata in ya fita wasa, akwai jarumi mai kama da shi da zai so ya zama.