Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Neman Gurbin Digiri Na Biyu

 Ko kana Maraɗi ko Katsina, ko kina Garwa, Tamale ko Njamena, maganar yau ta shafi duk wanda ya gama digirin farko, wato lisansi kamar yadda ake cewa a Nijar da Cadi da Kamaru, yake kuma son wucewa digiri na biyu ko na uku. Za mu tsaya ne a kan watannin da ke gabanin karatun: tara takardu, cika fom, biyan kuɗi da jiran amsa. A wannan tsakanin ne masu ƙoƙari da yawa suke karaya. Wani ya yi asarar shekara guda, wani ya yi asarar kuɗin da aka sayar da bisashe aka tara masa.

To, mu fara da lokaci. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace jami'a da kowane tallafin karatu suna da ranar buɗewa da ranar rufewa, kuma na'urar da ke karɓar fom ba ta san uzuri ba. Tallafin gwamnatin Turkiyya, alal misali, a 'yan shekarun nan ana buɗe shi ne daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Mai neman digiri na biyu sai ya kasance bai kai shekara 30 ba, mai neman na uku kuma bai kai 35 ba. Ka ga ke nan, idan kana da shekara 29 ka yi sakaci bana, baɗi ƙofar ta rufu. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya kuwa a watan Agusta ake buɗe shi, kuma yana buƙatar ka yi aiki na awa 2,800, kimanin shekara biyu, sannan ka yi alkawarin komawa ƙasarka na shekara biyu bayan karatu. Wanda bai karanta waɗannan sharuɗɗa tun farko ba, wahalar banza zai sha.

Saboda haka ka samu littafin rubutu guda ɗaya, ka ware wa kowace makaranta shafinta. Ka rubuta ranar rufewa, takardun da suke so, kuɗin fom, da jarrabawar harshe idan akwai. Ka fara wannan aiki wata tara ko shekara guda kafin lokacin da kake son shiga aji. Sannan ka rage mako guda daga kowace ranar rufewa, ka ɗauki wannan a matsayin taka ranar. Mu da muke zaune a wannan yanki mun san halin wutar lantarki da na intanet. Daren ƙarshe shi ne daren da layi ke tsinkewa, ko ba haka ba?

Kuma kada ka kafa ido a kan ƙofa ɗaya. Dubi abin da ya faru cikin 'yan shekarun nan. A 2022 malaman jami'o'in Najeriya sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, jadawalin ɗaukar ɗalibai ya rikice. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗalibanmu da ke Hartum suka fito ba shiri, wasu ko takardunsu ba su ɗauko ba. Daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 iyakar Nijar da Najeriya tana rufe. A farkon 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai, hanyar da ɗaliban Nijar suka saba bi ta yi wuya. Babu ɗalibin da ya jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma ɗalibai ne suka ji a jikinsu. Nemi wuri uku zuwa biyar, a ƙasashe daban-daban, kuma a ciki a samu aƙalla ɗaya na kusa da gida wanda aljihunka zai iya ɗauka ko da tallafi bai samu ba.

Na kusa da gidan nan fa ba a raina shi. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, wadda ke ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974 take horar da masana yanayi da noma da ruwa na yankin Sahel. Tarayyar Afirka tana da jami'arta mai rassa a Ibadan da Yawunde da Nairobi da Tilimsan ta Aljeriya, kuma tana ba da tallafi. Hukumar DAAD ta Jamus ma tana da tsarin da take biya wa ɗalibi karatu a ƙasarsa ko a wata ƙasar Afirka. Ɗan Nijar kuma ya leƙa hukumar ANAB ya ji abin da ke akwai.

Sai mu zo kan takardu, inda aka fi shan wuya. Wadda ta fi cin lokaci ita ce cikakkiyar takardar maki ta shekara-shekara, wadda a Najeriya ake ce wa tiranskirif. Jami'o'i da yawa suna so tsohuwar makarantarka ce za ta aika musu kai tsaye. Nemi wannan takarda kafin komai, kuma ka bi sawunta da ƙafarka, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Idan takardunka da Faransanci ko Larabci suke, kana kuma neman makarantar da ke koyarwa da Ingilishi, sai an fassara su wurin mai fassarar da hukuma ta amince da shi, da sa hannu da hatimi. Fassarar aboki, komai iya Turancinsa, ba za a karɓa ba.

Ga wani abu ƙarami da ke kayar da manya: rubutun suna. A Damagaram an rubuta maka Ousmane, a Daura za a rubuta Usman. Nan Aïchatou, can Aisha. Mu mun san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke duba takardu a Ankara ko Landan bai sani ba. Haka ranar haihuwa. Da yawanmu ba a yi mana takardar haihuwa da wuri ba, sai daga baya kotu ta ba da, wani lokaci da shekara kawai ba wata ba rana. Ɗauko fasfonka, ka jera shi da takardar haihuwa da shaidar digiri, ka duba harafi bayan harafi. Idan akwai saɓani, ka gyara ko ka samo takardar rantsuwa daga kotu tun yanzu. A duk fom ɗin da za ka cika, ka rubuta sunanka yadda yake a fasfo.

Daga nan sai maganar daidaita digiri. A tsarin Faransa da Nijar da Cadi ke bi, lisansi shekara 3 ne, masta shekara 2, dakta shekara 3. A Najeriya da Gana digirin farko yawanci shekara 4 ne. Don haka ɗan'uwa mai lisansi, kafin ka biya kuɗin fom a Zariya ko Sakkwato, rubuta wa sashen ka tambaye su: za a ɗauke ka masta kai tsaye, ko sai ka fara da babbar difloma ta shekara guda, wadda suke kira PGD? A ba ka amsa a rubuce. Ɗan Najeriya kuma ya sani jami'o'in ƙasarsa suna neman takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. Maki ma haka. A tsarin Faransa bisa 20 ake lissafi, kuma wanda ya samu 13 ya yi ƙoƙari sosai. Amma wanda bai san tsarin ba zai buga lissafi ya ce kashi 65 cikin ɗari ne kawai. Yawancin jami'o'in Najeriya kuwa bisa 5 suke aunawa, daraja ta ɗaya daga 4.5 take farawa. Kada ka juya makinka da kanka. Roƙi ofishin rajista na makarantarku su ba ka takardar da ke bayyana ma'auninsu, in da hali har da matsayinka a aji.

Ka kuma tabbatar makarantar da za ka shiga hukuma ta san da ita. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida a Najeriya ya fallasa yadda ya samu digiri cikin mako shida daga wata makaranta a Kwatano. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Binin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. A Najeriya hukumar NUC ce ke da jerin jami'o'in da aka amince da su, a Gana GTEC, a ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma akwai majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta tana Wagadugu. Matambayi ba ya ɓata.

Jarrabawar harshe fa? IELTS bisa 9 ake ba da maki, jami'o'in Birtaniya da yawa suna neman 6.5 don digiri na biyu, kuma sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu. TCF ta Faransanci ma shekara biyu ce, amma takardar DELF ba ta mutuwa. Jarrabawar nan tana da tsada, don haka kada ka zauna mata kafin ka shirya, kada kuma ka yi ta tun da wuri har ta mutu a hannunka. Wasu makarantu suna karɓar wasiƙa daga jami'arku cewa da Ingilishi aka koyar da kai. Tambaya ɗaya ta imel tana iya tsirar maka da wannan kuɗi.

Yanzu wasiƙun shaida. Zaɓi malamin da ya san aikinka, wanda ya duba maka kundin kammala digiri misali, ko da ba farfesa ba ne. Je ka gaishe shi, ka ce, “Malam, ina neman alfarma,” ka ba shi aƙalla wata guda, tare da takardar tarihin karatunka da bayanin abin da kake nema. Idan ranar ta matso ka tuna masa cikin ladabi. Malamanmu ayyuka sun yi musu yawa, mantuwa ce ta fi yawa ba ƙi ba.

Wasiƙar da za ka bayyana manufarka kuwa, a nan ne za ka bambanta da saura. Kowa yana rubuta cewa tun yana yaro yake son taimakon ƙasarsa. Masu tantancewa sun gaji da karanta wannan. Faɗi matsala guda da ka sani da idonka. Idan noma ka karanta, yi maganar tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi a gonakin yankinku, abin da ka riga ka gwada a kai, da dalilin da ya sa wannan sashe ne zai koya maka abin da ya rage. Kada ka kwafi ta wani, kada kuma ka biya a rubuta maka. Akwai manhajojin da ke gano kwafi, kuma ranar ganawa za a tambaye ka abin da ka rubuta. Mai neman digiri na uku ya fara da samun malamin da zai duba aikinsa: karanta wani abu da ya wallafa, sannan ka aika masa gajeren saƙo da tsarin bincikenka a shafi biyu.

Hattara da 'yan tsakiya. Neman tallafin Turkiyya da Chevening da DAAD kyauta ne, ba a biyan ko dala. Duk wanda ya ce ka ba shi jika kaza zai sama maka gurbi ta bayan gida, kuɗinka yake so. Kuɗin fom na jami'a ta hanyar da jami'ar ta bayyana a shafinta ake biya, kuma ba a mayarwa, shi ya sa za ka karanta sharuɗɗa kafin ka biya. Kada ka bar wa kowa takardunka na asali ko kalmar sirrin imel ɗinka, har da mai shagon kwamfuta.

To, ka aika. Saura jira, kuma jira ya fi cika fom cin rai. Wata uku, wata shida, shiru. Duba imel sau ɗaya ko biyu a rana ya isa, amma ka riƙa leƙa akwatin saƙonnin banza, domin kiran ganawa yakan faɗa can. Ci gaba da aikinka ko sana'arka. Ku haɗu ku uku ko huɗu masu nema, ku riƙa duba wa juna wasiƙu, ku tuna wa juna ranaku, in ɗaya ya karaya saura su ɗaga shi. A gida kuma ka faɗa wa Baba da Inna gaskiya tun farko: nema nake, amsa sai wata kaza, kuma ana iya samu ana iya rasawa. Wanda ya shelanta wa unguwa cewa ya kusa tafiya, shi ne kowace gaisuwa ke zame masa tambaya. Ke kuma 'yar'uwa, maganar aure, ko ta maigida da yara, a zauna a yi ta tun kafin a cika fom. Abin takaici ne gurbi ya fito sannan a fara muhawara a gida.

Idan amsa ta zo cewa ba a ɗauke ka ba, zai yi zafi, kuma ba laifi ka ji zafin. Amma guraben kaɗan ne, masu nema dubbai, ana barin masu cancanta da yawa a kowace shekara. Huta kwana biyu, sannan ka ɗauko littafinka ka duba inda aka samu rauni: maki ne, harshe ne, ko wasiƙar ce ba ta fito da kai ba? Takardar maki da fassara da fasfo duk suna hannunka yanzu, zagaye na biyu ba zai ci rabin wahalar na farko ba. Idan kuwa an ɗauke ka, karanta takardar sau biyu. Akwai sharaɗin da ya rage? Tallafin ya haɗa da masauki da abinci da kuɗin jirgi, ko kuɗin makaranta kawai? Kada ka ajiye aikinka sai biza ta shiga fasfo.

Mai sauraro, lokaci ya cimmana. Aikin da muka bar maka a wannan mako guda biyu ne: sayi littafin nan ka rubuta makarantu uku da ranakunsu, sannan ka je tsohuwar jami'arku ka nemi takardar maki. Iyaye da yayye kuma, a taya yaran nan da haƙuri da addu'a. Allah ya ba mai nema sa'a. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.