Sabuwar Gwiwa, da Aikin da Ya Rage Maka

Yau zancen gwiwa za mu yi.

Ka san irin ciwon nan, ɗan'uwana. Da safe ƙafa ta sandare, sai ka dafa bango sa'an nan ka miƙe. Ke kuma uwata, shekara talatin kina ɗaukar kaya a ka, yanzu ga ƙafafu sun soma lanƙwashewa kamar baka. Ga dalili. A gwiwa ne ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri suka gamu, a kan kowannensu kuwa akwai guringuntsi mai santsi. Tsufa, da nauyin jiki, da tsohon rauni sukan cinye shi, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. In ya cinye ba ya sake tsirowa. Man zafi ba ya komo da shi, allura ma haka.

Sa'ad da magani da motsa jiki da rage ƙiba suka kasa, likita yakan ce a sake gwiwar. Kada sunan ya ba ka tsoro, gama ba ƙafa za a yanke ba. Kawunan ƙasusuwan da suka lalace ake sharewa, a sa musu hular ƙarfe, a sa faifan roba mai tauri a tsakani. Awa ɗaya ne zuwa biyu. Wani likita mutumin Kanada, Frank Gunston, ya gwada irin wannan gwiwa a 1968, bayan ya yi aiki wurin John Charnley na Ingila. A 1974 John Insall da abokan aikinsa a New York suka kawo fasalin da yawancin na yau suka gada. Yanzu ana yin aikin a asibitin ƙashi na Dala a Kano, ana yi a Accra, waɗansu kuma sukan tafi Indiya ko Masar. A 2019 masu bincike na jami'ar Bristol suka duba lissafin mutane masu yawa, suka iske cikin gwiwa 100 da aka sake, wajen 82 suna nan suna aiki bayan shekara 25.

To, kasa kunne a nan. Kuɗin aikin nan ba kaɗan ba ne. Wani sai ya sayar da fili, wata sai 'ya'yanta sun yi karo-karo. Amma biyan kuɗi bai gama maganar ba. Likita ya yi nasa cikin awa biyu, naka kuwa zai ci wata uku.

Ran da aka yi aikin, ko kashegari, za a ce ka tashi ka taka. Za ka ce mutanen nan ba su da tausayi. Suna da shi. Da ka koma gida, masu dubiya za su cika ɗaki, kowa yana cewa, kwanta ka huta, kada ka fama. Ƙauna ce ta sa su faɗi haka, ka gode musu, amma kada ka bi. Gama ciki yana warkewa da tabo, tabon kuwa yana ƙara tauri kowace rana, kamar ƙirgin da aka bari a rana. Yadda ya iske ƙafarka, haka zai bushe da ita. Makonni shida na fari su ne lokacin da yake da taushi.

Aiki biyu ne a gabanka, miƙewa da lanƙwasawa. Na miƙewa, ka kwanta rigingine, ka sa matashi a ƙarƙashin diddige, ka danna bayan gwiwa ƙasa. Kada ka sa matashi a ƙarƙashin gwiwar kanta. Na sani ya fi daɗi, amma wanda ya saba da daɗin nan ƙafarsa ba za ta miƙe sarai ba, ya zauna da ɗingishi. Na lanƙwasawa, ka zauna a kujera, ka ja ƙafar baya a hankali har ka ji ta ja, ka riƙe kaɗan, ka sake. Kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini. Likitoci suna auna wannan da digiri. Digiri 90, watau kamar kusurwar akwati, shi ne abin da kake bukata ka zauna a kujera ka tashi. Ana so ka kai 110 ko 120 domin hawan bene da shiga mota. Ka sha maganin ciwon da aka ba ka kamar rabin awa kafin ka fara, kada ka ce jarumtaka za ka yi. Bayan ka gama, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 ko 20, ka ɗaga ƙafar sama. Wanda ya yi sakaci har gwiwa ta ƙage, sai an komar da shi asibiti, a sa shi barci, a lanƙwasa ta da ƙarfi.

Akwai abu biyu da ba a jira da su sai an tashi kasuwa. In sha-raba ta kumbura, tana zafi, ko numfashi ya soma yi maka wuya, wataƙila jini ne ya daskare a jijiya, a tafi asibiti nan da nan. In kuma wurin ɗinkin ya yi ja, yana zubar da ruwa, ga zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga. Wannan yakan sami mutum ɗaya ko biyu cikin 100, ya fi kama mai ciwon sukari da mai shan taba. Saboda haka ina roƙonka, kada ka kai gwiwar nan wurin mai ɗori, kada wanzami ya yi mata tsaga ko ƙaho, kada a shafa kome a bakin miki. Ba raina sana'arsu nake yi ba. Ƙarfe ba shi da jini, in cuta ta manne masa magani ba ya isa gare ta sosai, wani lokaci sai an cire abin duka a sake sabo.

Ba zan ruɗe ka ba, sabuwar gwiwa ba ta ƙuruciya ba ce. Gefen tabon ta waje yakan mutu, ka taɓa ba ka ji ba. Za ka riƙa jin ƙas ƙas in kana tafiya, ƙarfe ne da roba, ba kome. Wajen mutum ɗaya cikin biyar yakan zauna da sauran ciwo. Kumburi yakan yi watanni, cikakkiyar warkewa takan kai shekara. Durƙuso da zaman tabarma da tsugunno sukan yi wa mutane da yawa wuya har abada, ko da ya ke waɗansu suna iyawa. In ka yi ibadarka a kan kujera, babu abin kunya a ciki.

Kasuwa fa? Mai zaman rumfa yakan iya komawa bayan kamar mako shida, in akwai kujera mai tsawo da yaron da zai miƙo kaya. Mai ɗaukar buhu sai ya yi shawara da likita, gama kowane kilo ɗaya da ka ƙara wa jikinka, gwiwa tana jinsa kamar huɗu a kowane taki. In za ka yi doguwar tafiya a mota, ka sauka ka taka duk inda aka tsaya.

In an riga an sa maka rana, ka shirya gida tun kafin ka tafi. A ɗaga gado daga ƙasa. A kawar da tabarmi da igiyoyi daga hanyar sandunanka. Ka sa kafinta ya yi maka kujera mai rami ta ɗorawa a kan masai, da abin dafawa a gefe. Ka kuma zaɓi mutum ɗaya a gidan, wanda ba ya jin nauyinka, ya bi ka wurin mai koyar da motsa jiki a asibiti ya ga yadda ake yi, domin shi ne zai riƙa tashinka safe da rana da yamma.