Yadda Ake Gane Furannin Okid na Daji a Lokacin Hunturu: Jawabi ga Jama'ar Keffi da Kewaye

Idan ruwa ya ɗauke a ƙasar Keffi wajen ƙarshen watan Oktoba, iskar hunturu ta taso, sai ciyawa ta bushe, itatuwa da yawa su kaɗe ganye. A wannan lokaci ne masu farauta da masu saran itace da masu yin gawayi suka fi shiga daji, kuma a lokacin ne ake hallaka wasu tsirrai masu daraja ba tare da an san da su ba. Waɗannan tsirrai su ne dangin furen da masana ke kira okid.

Dangin okid na cikin mafi yawa a duniyar tsirrai, gama an ƙidaya iri kusan 28,000. Banila da ake sa wa kek da alewa don ƙamshi, 'ya'yan wani okid ne. A dazuzzukan Nijeriya ta tsakiya kuwa akwai kashi biyu da ya kamata a sani: masu zama a kan itace, da masu tsirowa daga ƙasa.

Na farko shi ne wanda masana suka sa wa suna Ansellia africana, Hausawa a wasu wurare kuma suke ce masa manta uwa. An ba shi sunan John Ansell, wani mai kula da lambu da ya biyo ayarin Turawan Ingila zuwa kogin Kwara a shekarar 1841. Yakan zauna a kan manyan itatuwa da giginya, musamman kusa da rafi. Alamominsa uku ne. Da fari, yana da karare masu gaɓa-gaɓa kamar ƙananan rake, a cure wuri ɗaya. Na biyu, saiwoyinsa farare ne sirara, suna miƙewa sama har su yi kamar kwando, inda busassun ganye ke taruwa su ruɓe su zama abincinsa. Na uku, cikin rani yake yin fure, ruwan ɗorawa mai ɗige-ɗige masu duhu kamar fatar damisa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukarsa tamkar kauci. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan jikin itace, har ya raunana shi. Okid kuwa mazauni kawai yake nema. Ba ya shan kome daga jikin itacen. Don haka manomin da ya gan shi a kan ɗorawa ko kaɗanyar gonarsa ba shi da dalilin sare shi.

Kashi na biyu su ne na ƙasa, waɗanda yawancinsu dangin Eulophia ne. Da hunturu ganyensu yakan bushe sarai, sai tushen ya rage a ƙarƙashin ƙasa, ƙulli-ƙulli a jere kamar rizga. Abin da za a nema shi ne tsohon karan fure a tsaye, da busassun kwanso masu tsage ta tsawo. Idan aka girgiza kwanson, irin da ke fita kamar ƙura yake. Wajen ƙarshen rani, kafin ruwan fari, sai sabon kara ya fito ba ganye, ɗauke da furanni masu launin shunayya ko ruwan hoda. Duk inda aka ga fure mai kunnuwa shida, ɗaya daga ciki ya bambanta da sauran ya yi kamar leɓe, to, akwai alamar okid ne.

Dalilin da ya sa ake roƙon a bar su a inda suke shi ne, irin okid ba shi da guzurin abinci a cikinsa kamar na gero ko wake. Ba ya tsirowa sai ya gamu da wata irin funfuna ta musamman da ke ciyar da shi, sa'an nan ya yi shekaru kafin ya yi fure. Wanda ya tono shi ya kai gida, sau da yawa asara yake yi, dajin kuma ya yi rashi. Haka nan itace guda da aka sare don gawayi yakan faɗi da okid ɗin da ya daɗe a kansa.

Saboda irin wannan barazana, yarjejeniyar duniya ta CITES, wadda aka ƙulla a 1973, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1974, ta sa cinikin okid tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin izini.

Don haka ana kira ga manoma da makiyaya da mafarauta su kiyaye abubuwa huɗu: kada a sare itacen da ke ɗauke da okid, kada a tono tushensa, a share gefen kurmi kafin a sa wa gona wuta, masu maganin gargajiya kuma su ɗebi kaɗan su bar tushen. Ana roƙon hakimai da dagatai da malaman makaranta su isar da wannan bayani ga jama'arsu, kuma duk wanda ya ga inda suke da yawa ya sanar da malamin daji mafi kusa.