Zumuntar Mata da Aikin Bishara a Ƙasar Makarfi



Duk wanda ya karanta tarihin zuwan Mishan ƙasar Zazzau, sunayen maza zai fi cin karo da su. Zai ji labarin Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905 kafin a mayar da tashar zuwa Wusasa a 1929, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Zai ji labarin Gimi, nan kusa da mu, inda aka tsugunar da zuriyar mutanen da ake kira Isawa, waɗanda suka karɓi Kiristanci, har ciwon barci ya tarwatsa garin, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Duk gaskiya ne. Abin da nake so mu tambaya shi ne: bayan Bature ya hau kekensa ya tafi, wa ya riƙe majami'ar ƙauye?

A ganina amsar ita ce mata, kuma haka abin yake tun daga inda kuɗin Mishan ya fara fitowa. A birnin Boston na Amurka, a 1800, wata baiwar Allah mai suna Mary Webb, wadda ba ta iya tafiya da ƙafafunta, ta tara mata suna haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa don masu wa'azi. A Ingila Mary Sumner ta kafa ƙungiyar iyaye mata ta Angilikan a 1876. Matan Baftis na Najeriya suka kafa tasu a 1919. Ba za mu daɗe a can ba, domin namu ya fi kusa.

A Arewa sunan da kowa ya sani shi ne Zumuntar Mata, wasu su ce Zumuntar Matan Ekklisiya. Akwai ta a ECWA, akwai ta a EYN da HEKAN da sauran ekklisiyoyin TEKAN, kuma da Hausa ake gudanar da ita ko a inda Hausa ba harshen gida ba ne. Ku leƙa wata ƙaramar majami'a a ƙauyukan Hausawa Kirista na Ikara ko Kudan ranar taronsu. Za ku tarar da su cikin anko, zani da kallabi iri ɗaya, wata ta rungume tulun kiɗa tana dukan bakinsa, wata na kaɗa caki, uwar zumunta na gaba. Bayan waƙa da karatu sai ma'aji ta buɗe littafin rubutu irin na 'yan firamare, a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta da kuɗi ta kawo mudun dawa ko masara, wata ƙwai, wata kaza. Da kaka abin ya fi auki, saboda a al'adar gidajen Maguzawa da yawancin waɗannan mata suka fito, mace na da gayaunarta, abin da ta noma kuma nata ne, ba sai ta nemi izini kafin ta bayar ba. Wannan 'yancin gayauna, a ra'ayina, shi ne jarin zumunta a yankinmu, kuma masu rubuta tarihi ba su ba shi haƙƙinsa ba.

Ina hatsin yake zuwa? Kaso yana zuwa gidan mai bishara da aka tura ƙauyen da masu bi ba su kai su biya shi ba. ECWA tana da reshen tura masu bishara, EMS, wanda ya samo asali tun 1948, kuma zumuntar mata na cikin masu tallafa masa da abinci da sutura da kuɗi. Kaso yana zuwa wurin gwauraye da marayu da mai jego. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin ma'aji: tsofaffi da dama a waɗannan ƙauyuka a zumunta suka koyi haɗa baƙi, don su iya buɗe littafin waƙoƙi da kansu.

'Yan'uwana Musulmi ba za su ga baƙon abu ba. 'Yan Taru na Nana Asma'u da jajojinsu, wato jagororinsu, sun ɗauki karatu zuwa ga matan karkara tun ƙarni na 19, FOMWAN kuma da aka kafa a Minna a 1985 tana kan irin wannan hanya. Addini ya bambanta, amma wahalar tara mata da riƙe amanar kuɗinsu iri ɗaya ce.

Ba zan ɓoye abin da ke damuna ba. Sau da yawa mata ne ke tarawa, maza kuma su zauna a kwamiti su yanke yadda za a kashe. Idan an kammala wani gini da kuɗin, sunan fasto ko na babban baƙo ake rubutawa a bango. Littattafan ma'aji kuwa suna cikin akwatunan kwano, gara na cin su, iyayen da suka san farkon al'amarin kuma suna ta raguwa.

Don haka ina roƙon shugabannin ekklisiyoyin Makarfi da Ikara da Kudan su tattara waɗannan littattafai su adana. Ɗalibanmu na tarihi a Samaru kuma, masu neman abin da za su yi bincike a kai, su ɗauki waya da biro su je su zauna da tsofaffin iyayen zumunta a wannan rani, kafin aikin gona ya kankama.