Gwajin tayirod ya nuna daidai, mara lafiya na kuka: ina za mu duba?



A wani watan Afrilu, ana zafin da ko fanka ba ta magani, wata mata ta shigo ɗakin da nake duba marasa lafiya sanye da suwaita a ƙarƙashin hijabi. Ta zaro takardu uku daga leda, duk gwajin TSH ne, duk sun faɗa tsakanin 0.4 da 4.0 da muke kira daidai. Shekara huɗu ke nan tana fama da kasala da jin sanyi, gashi na zuba, fata ta bushe. A asibiti an ce mata tunani ne ya yi mata yawa. A gida har an fara raɗe-raɗin sammu.

Na ce, "Hajiya, yaya haihuwarki ta ƙarshe ta kasance?" Ta ce jini ya ɓalle mata sai da aka yi ƙari, ruwan nono bai zo ba, al'ada kuma tun ranar ba ta sake gani ba.

Wannan shi ne ciwon da Harold Sheehan ya bayyana a 1937. TSH ba daga tayirod da ke wuya yake fitowa ba. Wata 'yar tsoka ce mai girman ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa take aiko shi, shi ke umartar tayirod ta yi aiki. Zubar jini mai yawa wajen haihuwa na iya kashe wani sashen tsokar nan, sai T4, sinadarin da tayirod ke fitarwa, ya yi ƙasa alhali TSH yana zaune a inda ake cewa lafiya. Wanda ya auna TSH kaɗai ba zai gani ba. A ƙasarmu, inda mata da yawa ke haihuwa a gida, ina ganin rashin yin tambaya kan haihuwa sakaci ne babba. Kuma in an gano, a auna sinadarin kotisol kafin a ba da maganin tayirod, wato tayiroksin, don in shi ma ya yi ƙasa maganin na iya jefa matar cikin haɗari.

Ba duk mai irin waɗannan alamomi ke da wannan ciwo ba, tabbas. Ƙarancin sinadarin ƙarfe na kawo kasala da zubar gashi tun jini bai yi ƙasa ba, sai an auna feritin ake kama shi. Akwai ƙarancin B12, ciwon suga, ɗaukewar numfashi cikin barci, ciwon damuwa, da shekarun ɗaukewar al'ada. Ƙwayoyin biyotin da ake sha don gyaran gashi ma suna rikita sakamako, har hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a 2017.

Abin da ba na goyon baya shi ne a rubuta tayiroksin "a gwada a gani". An gwada a Gilasgo, an buga sakamakon a mujallar BMJ a 2001: masu alamomin da gwajinsu ke daidai ba su fi samun sauƙi da shi ba a kan ƙwayar da babu magani a ciki. Ga shi yawansa na hargitsa bugun zuciya, yana cinye ƙashi.

Matar nan T4 da kotisol ɗinta duk sun yi ƙasa. Bayan wata uku da fara magani ta dawo ba suwaita, ta ce da kanta ta yi wa yara wanki a makon.