Taba da Aljihun Ba'adare: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Ma'aikatan Tamaske



Mutumin Tamaske ba a koya masa lissafi. Wanda ke kai albasa Tawa, ya sayo haja Kano, ya san inda kowace dala ta shiga. Amma akwai lissafi guda da aka daɗe ana kauce masa, shi ne na taba.

A ɗauka mai tebur na sayar da karan sigari dala biyar. Mai shan kara goma a wuni ya ƙone dala hamsin ke nan. A shekara jika 91 da 'yan kai. Wannan kuɗin ya isa a zuba hatsi a rumbu kafin bazara, ya isa littattafan yaran lakkol. Ma'aikacin da ke kukan albashi bai kai ƙarshen wata ba, sau da yawa bashin mai tebur ne ya fara cin rabonsa.

Wannan ƙaramar asara ce. Tun 1950 likitocin Ingila da Amurka suka nuna dangantakar sigari da sankarar huhu. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, kuma fiye da miliyan guda cikinsu ba su taɓa kunna ta ba: hayaƙin wani suka shaƙa, matar gida ce ko jaririn da ke kwance a ɗaki. Tana lalata jijiyoyin jini, ta jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ta buɗe wa tarin fuka ƙofa. Tabar gargajiya ma, wadda dattawa ke dannawa a baki da kanwa suna cewa ba ta da hayaƙi, tana haddasa sankarar baki.

In cutar ta kama, gidan likitan ƙauye ba ya da abin yi. Sai a tura mutum Keita, daga nan Tawa, daga nan Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500. Sai a 2021 Nijar ta sami na'urarta ta farko ta ƙona sankara, a Yamai ɗin. Kuɗin mota, masauki, magani, mai jinya da ya bar gonarsa: nan ne ake sayar da bisashe, jarin shekara ashirin ya narke.

Ba doka aka rasa ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar OMS ta yaƙi da taba a 2005, kuma dokar 15 ga Mayu 2006 ta hana tallar taba, da shan ta a wuraren jama'a, da sayar wa yara. Sai dai ana sa hannu a Yamai, ana kunna ashana a tasha. Ma'aikacin da ke busa hayaƙi cikin ofis, da wane baki zai tsawata wa mai tebur? Shi kuwa mai teburin da ke miƙa wa yaro kara guda don wai babansa ya aiko shi, ya san uban yaron, ya san gidansu, jibi ma tare za su zauna wurin suna.